Wa Ya Danna Kore?

Shafi na 17

Masu tare ni har a wajen mai tumatir suna tambayar ina labari ya kwana, ku sassauta mini, wutar unguwarmu ce ta tafi ganin gida. Ta dawo, ni ma na dawo. A gyara zama.

*

Wayar tana ƙulle a haɓar zanin Milka tun da aka tashi daga coci, kuma duk taku ɗaya sai ta ji kamar dutsen niƙa ta ɗaura a ƙugu.

Ranar Alhamis da ta wuce ne admishan ɗin autarta Miriyam ya fito. Da layin uwar aka yi wa yarinyar rajista tun farko, don haka komai ta wannan wayar yake shigowa. Karatun lauya ta nema, jami'a kuma ta ba ta Wasan Kwaikwayo. A ƙasan shafin ga wurin dannawa biyu, kore na karɓa, ja na ƙi, wanda duk aka taɓa kuma bakin alƙalami ya bushe. Da labari ya kai Kagoro, Baba Zamani, yayan mijin Milka kuma babban gida, ya aiko da cewa kada wanda ya taɓa komai. Ranar Lahadi dangi za su zauna, a gabansa za a danna ja, yarinya ta sake jarrabawa baɗi.

Milka kuwa ta riga ta danna kore.

Tun yammacin Alhamis ɗin ta yi aika-aikar, a kicin, tana tsugune gaban tukunyar gwate. Ba kuskure ba ne, ba santsin yatsa ba ne. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗaga kai ta ce, "Yesu, kana gani," ta danna. Daga ita sai tukunyar suka sani.

Kada ku yi saurin zaginta. Babbar ɗiyarta Bernice ma ta taɓa samun admishan, na aikin laburare, wannan Baba Zamanin ya ce jininsu ba zai ƙare a kaɗe ƙurar littattafai ba, a danna ja a jira lauya. Aka danna, aka jira. Har yau ana jira. Bernice tana nan ƙarƙashin lema a bakin kasuwar Kafanchan da na'urar POS, yarinyar da a da dariyarta ke tashin kaji, yanzu sai ta yini ba ta ce uffan ba. Duk safiyar da Milka ta ga ta saɓa lemar nan ta fita, zuciyarta ciwo take yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Inda ta yi wauta shi ne abin da ya biyo baya. Don kada a zarge ta, sai ta fi kowa tayar da jijiyar wuya. Ranar Juma'a ta zauna a tsakar gida ta yi kuka har da majina, tana cewa ɗiyarta ba za ta je jami'a ta koyi faɗuwa ƙasa da ƙaryar suma ba. Ta ƙi abinci a gaban mutane, ta ci a kicin. Lissafinta shi ne, idan Baba Zamani ya ji uwar yarinya ta riga ta ɗauki zafi haka, zai ce ai an gama magana, ya zauna a Kagoro da ciwon gwiwarsa, kafin kowa ya farga an fara rajista. Sai ga shi kukan nata ne ma ya ƙara masa ƙarfi. Ya aiko a gaya mata ta share hawaye, yana nan tafe da kansa ya raba ta da wannan baƙin ciki.

Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Yau Lahadi, tana shiga gida daga coci ta tarar da babur ɗinsa jingine a jikin rumbu. Shi kuma ya hakimce a farar kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, cikin baƙar kwat ɗin nan da ba ya rabuwa da ita ko da rana tana narka kwalta. Baba Zamani masinjan kotu ne har ya yi ritaya, kuma tun da ya bar kotu, kotu ba ta bar shi ba. Taron dangi a wurinsa shari'a ne. Ko rabon naman Kirsimeti sai ya saurari ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci. Yau har ya sa an ɗauko masa muciya ya ajiye a kan tebur, da ita zai riƙa buga oda.

A gefensa mijinta Azariya ne a kan benci, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Mutumin kirki, mai awon citta a kasuwa, wanda tun da Milka ta aure shi ba ta taɓa jin ya ce wa yayansa a'a ba. Idan Baba Zamani ya ce rana daga yamma ta fito, Azariya zai ce shi ma ya lura da haka. Bernice tana tsaye jikin bango. Miriyam kuma an sa ta a kan turmi a tsakiyar fili, ita ce mai laifi ke nan, idanunta sun yi ja.

Baba Zamani ya buga muciya.

"Kotu ya zauna. Maman Bernice, kawo wayan."

Milka ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi gwiwa, ta tambayi mutanen Kagoro gida-gida har da waɗanda suka rasu bara. Da gaisuwa ta ƙare, ta ce ai ba a fara babban abu irin wannan ba tare da addu'a ba. Nan ba shi da ta cewa, shi da yake dattijon ikilisiya. Ya cire hula, ya ce ta yi.

Kai, ranar nan Milka ta yi addu'a. Ta fara daga halittar duniya. Ta bi ta kan Nuhu, ta ratsa Jan Teku da Isra'ilawa, ta tsaya ta roƙa wa mutanen Nineba gafara duk da an daɗe da gafarta musu. Ta yi wa manoman citta addu'a, ta yi wa direbobin hanyar Kwoi, ta yi wa masu ciki da masu nema. A zuciyarta kuwa abu ɗaya take roƙo, hadari ya taso ko maciji ya faɗo daga mangwaro. Tana shirin shiga kurkuku ta ziyarci fursunoni ne Baba Zamani ya ce "Amin" da ƙarfi, ya haɗa da muciya.

"Wayan," ya ce.

Ta ce caji ya mutu tun a coci. Ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro abin caji na tafi-da-gidanka da igiyarsa, ya ce jikansa ne ya ba shi, ya san halin wutar Kafanchan. Ta ce to ai kuma babu data. Bernice, baiwar Allah da ba ta san dawan garin ba, ta ce ai jiya ta saka mata. Milka ta yi mata wani kallo da ya sa yarinyar ta duba jikinta ko wani abu ne ya hau ta. Ta ce sabis ɗin gidan nan sai an hau tudu, ko a bari sai gobe ta je bakin titi ta danna da kanta, ba sai ta wahalar da manya ba. Baba Zamani ya ce shi ya taso tun daga Kagoro da gwiwa ɗaya don idonsa ya gani, idan ta kama a hau rufin ɗaki ne, a kawo tsani.

Ta fara kwance haɓar zani. Ƙulli uku ta yi masa da safe, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ƙaya.

Kafin ta gama, Miriyam ta ɗaga hannu.

"Baba Babba, zan iya magana?"

Ya ce kotu tana ba kowa dama, ko ɓarawon akuya. Yarinyar ta miƙe. Ta ce ita fa tana son abin da aka ba ta. Ta ce lauya tun farko zaɓinsa ne, ita ta rubuta ne kawai don an ce ta rubuta. Ta tuna masa wasan Kirsimetin da aka rasa namijin da zai iya fitowa a Hirudus, ita ta ɗaura gemun auduga ta fito, ta daka tsawar da ta sa yaran Sande Sukul suka watse ta taga. Ta ce shi da kansa ya miƙe ya tafa mata ranar. Ta ce karatun ba faɗuwa ƙasa ba ne, ana koyon rubutu, da tsara shiri, da aikin rediyo da talabijin.

Milka ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. Ranar Hirudus ɗin nan ita ce ta fi kowa guɗa, kuma har gobe idan ta tuna sai ta ji ƙirjinta ya cika da alfahari.

Baba Zamani ya bari ta gama, sannan ya gyara kwat. Ya ce ya tafa, ba ya musu, amma tafi daban, karatu daban. Ya ce shekara da shekaru yana ɗaukar fayil yana bin bayan yara ƙanana masu farin gashin doki a ka, suna kiransa "kai masinja", ya yi wa kansa alkawari sai jininsa ya sa gashin nan kafin ya mutu. Ya ce ga maganar iyakar gonarsu ta Kagoro, duk lokacin da maƙwabcin nan ya matso da shukarsa, abin da yake gaya masa ke nan, ya jira 'yarsu ta gama.

"Yanzu in koma in ce masa mene? Ya jira Hirudus?"

Ya juya ga ƙaninsa ya ce ko ba haka ba. Azariya ya ce haka ne, Yaya. Ya juya ga Milka ya ce ita ma ta faɗa wa yarinyar da bakinta, ita da ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Milka ta buɗe baki. Ta ce, e to, abin da manya suka gani. Miriyam ta dube ta sau ɗaya ta koma kan turminta, kuma kallon nan ya fi mari zafi.

Ƙullin ƙarshe ya kwance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baba Zamani ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska, ya matso da ita, ya juya ta. Ya ce rubutun zamani ƙanana ne, a ba wanda ya taɓa yi. Ya miƙa wa Bernice.

"Ke kin san hanya. Danna mana jan."

Bai faɗa da mugunta ba, shi a ganinsa yabo ne. Amma Milka ta ga yadda hannun Bernice ya tsaya a iska kafin ya karɓa, sai ta ji tsanar kwat ɗin nan da muciyar da duk wata kotu ta duniya.

Bernice ta latsa, ta jira, ta ja shafin sama, ta dawo da shi ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Sai gefen bakinta ya motsa, wani ɗan murmushi da uwarta ta manta kamanninsa ya leƙo ya koma.

"Baba Babba, babu ja."

"To an canza kala ne?"

"Babu kore ma. An riga an karɓa."

Baba Zamani ya ce ta maimaita a hankali yadda kotu za ta ji. Ta maimaita. Ya ce a kira kamfanin a ce kuskure ne. Ta ce ba kamfani ba ne, kuma ba a mayarwa. Ya ce ta kashe wayar ta kunna ko zai dawo. Ta kashe ta kunna don ta faranta masa, bai dawo ba.

Nan fa Milka ta ga ba ta da mafita sai ta ci gaba da abin da ta fara. Ta dafa ƙirji, ta ce wayyo, ta yi baya-baya za ta faɗi, amma sai da ta waiga ta tabbatar tabarma tana wurin. Babu wanda ya kula da ita. Idon kowa yana kan turmi.

"Miriyam," in ji Baba Zamani. "Durƙusa."

Ta durƙusa, tana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. A farko ma ba ta gane ba, murna ce ta fara zuwa mata, har ta ɗan buɗe baki za ta yi dariya. Sai ta ga yadda ake kallonta.

"Ba ni ba ne, Baba Babba. Ban taɓa wayan ba."

Ya ce a shari'a ana fara tambayar wa abu zai amfana. Uwarta ta kusa mutuwa da baƙin cikin karatun nan, kowa shaida ne. Ubanta ko tocilan waya sai an kunna masa. Bernice ba ta yini a gida. Saura wa? Mala'ika Jibra'ilu? Miriyam ta rantse, ta kama kunne, ta ce a kawo Littafi Mai Tsarki ta dafa. Hawaye suka ɓalle mata, na gaske, masu fitowa da shessheƙa.

Baba Zamani ya nuna ta da muciya, ya dubi jama'a.

"Kun gani? Tun bai je ba ya fara diraman."

Ya yanke hukunci nan take. Ya ce karɓa ko rashin karɓa, ƙafarta ba za ta taka jami'ar nan ba. Yarinyar da za ta saci wayar uwarta, ta take umarnin dangi, sannan ta dubi idon manya ta yi ƙarya ranar Lahadi, ba jami'a take buƙata ba, tarbiyya take buƙata. Yau ɗin nan za ta haɗa kayanta ta hau bayan babur ɗinsa. Za ta zauna a Kagoro a gaban idonsa, da safe gona, da yamma littafi, har jarrabawar baɗi ta zagayo. Ya juya ga Azariya. Azariya yana kallon ƙasa, bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne, yayan kuma ya ɗauki shirun a matsayin sa hannu.

Miriyam ta juyo da gwiwoyinta ta fuskanci uwarta.

"Mama, abeg, ki gaya musu. Wayan nan bai bar jikinki ba tun Alhamis. Ko wanka da kyar kike ajiye shi. Yaushe na ɗauka?"

Milka tana zaune a tabarmar da ta faɗa a kai. Tsoro take ji, ba na wasa ba. Matar ƙani ta take maganar babban gida, a dangin mijinta wannan ba ƙaramin abu ba ne, an taɓa mayar da mace gidan iyayenta a kan abin da bai kai haka ba. Ga kuma kunyar kukan Juma'a. Amma ga ɗiyarta a durƙushe a ƙasa tana ɗaukar laifin da ba nata ba. Ta dafa ƙasa za ta tashi.

Sai ta ji kiɗan tulu.

Daga can bakin layi sautin ya taso, dim, dim, dim, caki yana amsa masa, muryoyin mata suna biye. Milka ta san bugun nan ko a mafarki. Hannun Mama Doreen ne, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, matar da in ta ji labari da safe, kafin azahar ya isa Kasuwan Magani.

Ana wata ga wata. Da safiyar Alhamis, lokacin da Miriyam ta ce "Mama, ya fito," Milka ba ta jira ƙarshen zance ba ta rangaɗa guɗa. Mama Doreen ta jiyo ta katanga, ta ƙarasa sauran da kanta. Yau a coci tun daga ƙofa ake ce wa Milka Maman Barista, ita kuma tana amsawa da murmushin yaƙe, tana cewa a ranta gobe ta gyara. Ba wanda ya gaya mata sun shirya zuwa taya murna, wai ba-zata za su yi mata.

Sun yi mata kuwa.

Suka shigo a jere cikin ankonsu, suna taku ɗaya suna rausaya, har tsakar gida ya cika ya batse. Wata ta ɗauko bokitin kunu, wata kaza a hammata. Waƙar godiya suke yi, amma sun cusa sunan Miriyam a ciki, da barista, da kotu. Kafin Milka ta ankara an ɗaga ta tsaye, an yafa mata sabon zani a kafaɗa, ana juya ta.

Mama Doreen ta hangi Miriyam a durƙushe tana hawaye, Baba Zamani tsaye a kanta da muciya. Ta tsayar da mata da hannu ɗaya, ta ce su yi a hankali, ashe sun zo a kan gaɓa, dattijo yana sa wa Barista albarka. Ta ce ku dubi tawali'u, yarinya ta samu lauya amma tana kukan godiya a ƙasa, su nasu 'ya'yan ko gaisuwa sai an roƙa. Mata suka ce Halleluya. Wata tsohuwa ta matso ta raɗa wa Miriyam cewa tana da maganar fili da ƙanin mijinta, in ta huta za ta zo.

Baba Zamani bai taɓa samun 'yan kallo masu yawa haka ba tun da ya bar aiki. Ya gyara wuyan kwat, ya buga muciya har sau biyu. Ya ce madalla da zuwan iyaye mata, Ubangiji ne ya kawo su su zama shaida. Ya ce babu barista a gidan nan. Ya ce abin da ke gidan nan shi ne yarinyar da za su ji da kunnensu abin da ta aikata, don su je su ja wa nasu kunne.

Tulu ya yi shiru. Caki ya ƙara kaɗawa sau ɗaya a hannun wata da ba ta ji da kyau ba, maƙwabciyarta ta riƙe mata hannu.

Milka ta dubi Mama Doreen, ta ga kunnuwanta har sun miƙe. Ta san duk kalmar da ta fito daga bakin tsohon nan yanzu, kafin rana ta faɗi ta zagaye Kafanchan, kuma sunan ɓarauniya in ya manne wa yarinya ba ya fita da sabulu. Miriyam ta daina roƙo, ta sunkuyar da kai tana jira. Irin sunkuyon nan Milka ta taɓa ganinsa, a wuyan Bernice.

"Wannan yarinyan da kuke gani," in ji Baba Zamani, "ya ɗauki wayan uwansa a ɓoye..."

"Ni ne na danna."

Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito da ƙarfi haka ba. Ta zame sabon zanin daga kafaɗarta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta tako tsakiyar fili, ta kama hannun Miriyam ta ɗaga ta tsaye.

Baba Zamani ya ce ta zauna, ya san zuciyar uwa, tana so ta rufa wa ɗiyarta asiri ne. Ya ce kowa ya ga kukan da ta yi.

"Kukan ƙarya ne, Baba. Abincin ma ina ci a kicin."

Wata daga baya ta ce ashe, shi ya sa ba ta rame ba.

Milka ba ta waiga ba. Ta ce ranar Alhamis ta danna, da idonta biyu, bayan ta karanta. Ta juya ga matan ta ce su yafe mata, ba lauya ba ne, dirama aka ba Miriyam, ita ce ta bar su suna kiranta da sunan da ba nata ba don yana mata daɗi a kunne. Wanda zai yi dariya ya yi, kunun kuma in sun ga dama su koma da shi. Sannan ta sake fuskantar yayan mijinta, ta durƙusa yadda ya kamata, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, na ba ka ɗaya, ka danna masa ja. Ga shi can jikin bango, ka dube shi da kyau. Ban ce komai ba, don ni matan gida ne. Wannan kam ban iya ba. In za ka ɗauki wani a babur yau, ni za ka ɗauka, ka sauke ni gidan ubana. Amma yarinyan nan zai je makaranta."

Bernice ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa. Miriyam tana kallon uwarta baki buɗe, kamar yau ta fara ganinta. Mama Doreen ta rungume tulunta.

Baba Zamani ya ajiye muciyar a hankali. Bai dubi Milka ba, don a wurinsa ba a shari'a da mace mijinta yana zaune. Ya juya ga benci.

"Azariya. Ka ji abin da matanka ya yi a cikin gidanka. Kotu yana jiranka."

Milka ta rufe ido, tana jiran "haka ne, Yaya" da za ta raba ta da ɗakinta. Ta ji ƙarar benci, ta ji takunsa ya zo ya tsaya kusa da ita. Da ta buɗe ido, ba yayansa yake kallo ba, ita yake kallo, yana sosa ƙeya.

"Shi ya sa," ya ce. "Jiya da kin shiga wanka na ɗauki wayan, na nemi koren nan sama da ƙasa ban gani ba. Ashe ke ne kika riga ni."

Baba Zamani ya dubi ƙaninsa, ya ga kotu ta watse masa a hannu, ya fara cire kwat.